Bencinan da Kawu ya gyara

Kawuna kafinta ne, bai iya doguwar addu'a ba. Duk shekara idan Kirsimeti ta gabato, yakan rufe shago da wuri ya je coci gyaran bencina. Da haka yake shirya zuciyarsa.

Bana dattijon coci ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, aikinka sai kai!" Kawu ya ɗaure ƙafafun bencinan, ya goge, ya shafa fenti.

Ranar Lahadi muka tarar da kujerun roba. Ashe dattijon ya riga ya sayar da bencinan, mai sayen ne ya ce a gyara masa.

A tsaye Kawu ya yi sujada. A hanya ya ce mini, "Ɗana, Kirsimeti ta zo, ni kuwa na kasa yafe masa."