Neman Yardar Baba a Karar Maigatari

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis na tayar da mota daga Kano, wasiƙar tayin sabon aiki a aljihu. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa jirgin fasinja, har na zama kyaftin, amma kamfaninmu ya fara jan ƙafa, sai mako ya wuce ban tashi ba. Wani babban kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar waje ya ce zai ɗauke ni, da sharaɗin in koma mataimakin matuƙi, in kuma ba da amsa ranar Litinin. Wannan duk bai dame ni ba. Damuwata Baba ce. Tun ranar da na fara tashi na yi masa alkawarin ni zan tuƙa shi zuwa Makka, shi kuwa ya riƙe maganar gam. Shekara shida yana da halin tafiya, yana jiran a sa ni cikin jigilar alhazai. Jirgin kaya kuwa ba ya ɗaukar alhaji.

Hanya ba laifi, mai ne babu. Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi. A Gujungu na sayi galan biyu da tsadar da ta sa na yi salati, mai sayarwa yana rantse mini cewa ba gauraye. Motar dai ta yi ta tari har Gagarawa Tasha. A nan na ɗauki Kawu, ƙanen mahaifiyata, don ya taya ni roƙo. Da na karanta masa wasiƙar ya dube ni ya ce, "Wato daga direba za ka koma karen mota?" Na yi dariya, amma ta ciki na ciki.

A Gumel muka karya da shinkafa da wake a rumfar wata 'yar Filato da mijinta ke aiki a sakatariya. Hausarta ta fi tawa zaƙi, barkononta kuwa sai da ya sa Kawu hawaye. Wani ɗan garinmu da muka tarar a wurin ya ce kada mu wahalar da kanmu zuwa gida Ɗanzomo, Malam, wato Baba, yana Maigatari. Kunya ta kama ni. Ni mai karanta taswira da yanayin sama, na manta Alhamis ce kasuwa.

Maigatari ta cika ta batse: raƙuma, shanu, Buzaye da rawunansu, ana cinikin naira ana cinikin sefa, Hausar Damagaram ko ta ina. A kara, inda ake cinikin shanu, muka sami Baba tsaye kusa da tirela, ana yi masa lodin shanun da za su Kudu. Ko zama bai ba mu ba. An zuba yashi a ƙasan motar don kada kofato ya zame, manyan bijimai suka shiga gaba, aka ɗaure kowane ƙaho a jikin ƙarfe. Da masu lodi suka ce an gama, tsohon nan ya hau da kansa, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja. Ya sa aka sake ɗaure biyu.

Sai a inuwar wata darbejiya Kawu ya fara kewaye-kewaye, daga damina zuwa tsadar taki. Baba ya katse shi, ya juyo gare ni.

"Kai, faɗi abin da ya kawo ka."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Sai ya jefo mini tambaya.

"Wa ke ɗaure kayan a jirgin?"

"Akwai ma'aikata, Baba."

"To ka riƙa bi kana taɓawa da hannunka. Fasinja in ya ji ba daidai ba zai yi magana, kaya sai dai su kayar da kai. Ka je, Allah ya yi albarka."

Na ce, "Baba, maganar Makka fa?"

Ya yi murmushi. "Ni da nake tsoron in biya kujera ka ce na raina ka? Gwiwata ta fara ƙin tsayuwa. Bana zan tafi, ko wa ya tuƙa."

Muka sauke shi a Ɗanzomo bayan la'asar, na gaida mahaifiyata a tsaitsaye, na mayar da Kawu, na iso Kano ana kiran isha'i. Duk hanyar nan ban kunna rediyo ba. Na je ne in nemi gafarar karya alkawari, ashe alkawarin nawa ne ya ɗaure tsoho shekara shida, yana ganin ƙannensa suna tafiya suna dawowa, shi ana ce masa Malam, bai taɓa nuna mini ba. Na gane cewa duk lokacin da nake auna aiki da girman kujera, ban taɓa tambayar wa ke jira saboda ni ba. Na sami abin da na je nema, amma raina bai yi daɗi ba. Ranar Litinin na sa hannu a takardar. Ranar Talata na raka Baba ɗaukar hoton fasfo.