Dogon agogon Baffa, shekara tara bayansa

Watan nan ne Baffa, mahaifinmu, yake cika shekara tara a ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na so in zauna in yi rubutu mai natsuwa a kansa, amma tun makon jiya na kasa zama wuri ɗaya, kuma agogonsa ne ya jawo.

Dogon agogo ne na katako, ya fi mutum tsawo, yana tsaye a falon gidanmu na Kumbiya-Kumbiya. Baffa ya saye shi a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da zai koma Kaltungo. A cikinsa akwai ƙarafa uku na tagulla, suna rataye da sarƙa. Saukowarsu a hankali ita ke tafiyar da agogon. Kowace Juma'a, kafin ya tafi masallaci, Baffa zai ja sarƙoƙin ya mayar da su sama. Mutumin da zai bar maka shagonsa na yadi a Kasuwar Gombe ba tare da ya waiwaya ba, amma ka kusanci agogon nan ka ga ɓacin rai. In ya buga, har maƙwabta suna ji.

Tun da Baffa ya rasu bugun ya lalace. Lokaci dai daidai yake nunawa, amma ƙararrawar sai ta fara kamar da gaske, ta ja, ta ja, ta maƙale a tsakiya. Ni duk na ji ta sai raina ya ɓaci. Nakan tambayi kaina me Baffa zai ce in ya ga 'ya'yansa kowa ya duƙa kan waya, agogonsa yana nishi babu mai ɗaga kai. Na san ba zai yi faɗa ba. Kallo ɗaya zai yi mana, mu rasa inda za mu sa kanmu.

Bana Hamma Buba, babban wanmu, ya tashi gyaran gida. Ya ce agogon ya mutu, ya tare wuri, zai ba masu gwangwan. Hamma in ya faɗi magana ya gama. Na roƙi arziki ya ba ni 'yan kwanaki, na shiga kasuwa neman mai gyara. Duk rumfar da na sani ta koma gyaran waya. Da ƙyar aka kwatanta mini wani dattijo a Bagadaza, na ɗauko shi a Keke Napep.

Ya buɗe ƙofar gilashin, ya ɗaga ƙarafan ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu. Ya ce a ido iri ɗaya ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Mafi nauyi a dama yake zama, shi ke jan ƙararrawa. Namu an mayar da shi hagu. Ba abin da ya lalace. Wallahi sai da na ji sanyi a raina, na juya ina kallon Hamma.

Dattijon ya kai hannu zai sauya ke nan, sai muka ji muryar Dada, mahaifiyarmu, daga bayan labule.

"Malam, bar shi haka. Ni na sauya su."

Ta ce ranar da aka yi sadakar uku, tana zaune cikin takaba, agogon ya buga da ƙarfinsa kamar ba a yi komai a gidan ba. Ta kasa jurewa. Ta daɗe tana kallon hannun Baffa, ta san wanne ne mai nauyin. Kuma ashe duk Juma'ar nan ita ke jan sarƙoƙin, mu ba mu taɓa tambayar wa ke yi ba.

Hamma bai ƙara maganar masu gwangwan ba. An yi fenti, an zagaye agogon.

Ina ta neman abin da ya rage na Baffa a shagon da ya koma hannun wasu, da hotunan da suka koɗe. Ashe yana nan a falo, a hannun matar da ba ta taɓa kiran sunansa a gabanmu ba. Har yanzu bugun yana damuna, ban saba ba, ba na jin zan saba.

Da zan raka dattijon, Dada ta kira ni.

"Auta, ka ga ƙarfen da ya nuna maka, mai nauyin? Ranar da kuka dawo daga kai ni makwancina, ka mayar da shi dama."