Yadda Hannuna na Dama Ya Dawo

Salamu alaikum ƴan uwa. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu aiko saƙo suna tambaya ko Hajiya Salamu ta bar sayar da zogale, ku gafarce ni. Ciwo na yi, mai nauyi.

Da ciwon ƙeya ya fara. Na ɗauka gajiya ce.

Wata safiya ina Jiratawa a bakin garka, muna ɗaure buhunan zogale, igiya ta suɓuce mini. Na duƙa in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in kira ƙanwata Rabi, abin da ya fito ba magana ba ce.

Rabi ta dube ni ta ce, "Yaya, bakinki ya karkace!"

Wata tsohuwa a wurin ta ce iska ce, a kai ni inda ake sanin maganinsu. Rabi ta ce mata, "Inna, mu hwara da likita tukun." Ta tsayar da motar kayan miya, aka shimfiɗe ni a kan buhuna har asibitin Maradi.

Tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Ban taɓa sanin ina da ita ba. Aka ɗebi jini, aka saka kaina cikin sikana, na'urar ɗaukar hoton kai, aka ɗaura ƙarin ruwa. Lokotoro, wato likitan, ya ce wa maigidana, "Da kun kwana da ita gida, da labarin ya sake." Kuɗin hoton kai da na ordonansi, maganin da aka rubuta mini, sai da aka sayar da ragunan da muke turke wa layya.

Ɓarin jikina na dama ya shanye. Rabi ke ɗaura mini zane. Ita ke ba ni fura a baki. Abin da ya fi tsorata ni kada in zauna haka, mutane su riƙa yi mini magana da ƙarfi kamar kurma.

Bayan sallama na yi watanni wurin kine, masu gasa jiki da motsa gaɓoɓi. Ƙafa ta fara ja, magana ta dawo, hannu ya tsaya. Mai kine ya ce in shiga gidan motsa jiki in ci gaba, akwai wani a unguwar Zariya ta Maradi da ke ware wa mata safiya.

Ni, mai jikoki a hanya, cikin wando ƙarƙashin hijabi. Na je.

Wurin ba shiru. Kiɗa na tashi, ƙarafa na ƙara, ƴan mata na hira. Ga madubi bango guda, duk inda na juya sai in ga matar nan mai karkataccen baki. Jikina na kan benci, hankalina na kasuwa: wa ya karɓe mini masu saye, nawa buhu yau. Waya kuma na cikin aljihu tana kuka.

Rannan ina riƙe da ɗan ƙarfe mafi ƙanƙanta, waya ta yi ƙara, na waiga. Ƙarfen ya faɗo mini a babban yatsan ƙafa, farce ya fashe. Na zauna ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko a gadon asibiti. Na ce na bari.

Mai horar da mu, Madam Hadiza, ta tsuguna gabana tana ɗaure yatsan.

Ta ce, "Hajiya, hannunki na hagu shina aiki ko kina barci. Wanga na dama ko, sai kin tsaya kanshi. Da kin tahi, shi ma ya tahi."

Na ce, "Kaina ba ya zama wuri guda."

Ta ce, "To mu zaunar da shi."

Washegari ta karɓi wayar tun daga ƙofa. Ta juya bencina ya ba madubi baya. Ta ce in dubi yatsuna kawai, in ja numfashi in zan ɗaga, in sake shi in zan sauke. Hankali ya gudu kasuwa, in ajiye ƙarfen, in dawo da hankalin, in sake daga farko.

Wallahi kamar kiwon akuya mai ɓarna. Wata rana in tashi ban yi komai ba sai dawo da shi. Amma ban fasa zuwa ba, ko ranar da jiki ya ƙi.

A hankali yatsun suka fara damƙa. Na ɗaura zanena da kaina, na zauna bakin gado ina dariya ni kaɗai.

Ana cikin haka ɗiyata Nana ta haihu a Tibiri. Ranar suna gida ya cika, ana guɗa, ana kiɗan ƙwarya. Nana ta miƙo mini jaririn. Na ga idon Rabi, na ga ta matso tana shirin tarewa.

Na ja numfashi. Na dubi yatsuna. Na saka hannun dama ƙarƙashin kansa, na ɗaga. Ban ji guɗar ba, ban ga kowa ba. Ɗumin ƙeyarsa kawai nake ji a tafina.

Ya yi barci a nan. Rabi ta janye hannunta ta rufe fuska da mayafi.

Har yanzu ban gama warkewa ba. Hannun na gajiya da wuri, kuma maganin tansiyo ya zama abokina har abada. Alhamdu lillahi. Na gode wa Rabi, da maigida, da Madam Hadiza, da duk wanda ya sa ni a addu'a bai ma san abin da ke damuna ba.

Ku auna tansiyonku ko kuna jin lafiya. In kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku kai shi asibiti a take, kada ku jira gobe. Mai jinya kuma, in ka shiga wurin motsa jiki, bar waya a ƙofa, kada ka dubi nauyin da na kusa da kai ke ɗagawa. Naka ɗan ƙarfen ya ishe ka aiki.

Zogale kuma ya dawo. Mai so ya yi magana, ni zan auna masa da hannuna.