Hoton Maigidana a Jaridar Tasha

A shekarun da aka karɓi sunan garinmu aka ba sabon birnin tarayya, mu kuma aka koma ce mana Suleja, ina zaune da maigidana a wani gidan haya kusa da kasuwa. Malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Maje da Garam. Shi ne kuma babban ɗan dagacin wani ƙauye da ke kan hanyar Lambata. Da tsohon ya rasu, kowa ya ɗauka rawani nasa ne. Har mata sun fara tsokanata da uwargidan sarki.

Ana cikin zaman makoki sai wata 'yar jarida ta fito, irin waɗanda ake sayarwa a tashar mota, masu cike da tsegumi. Ga hotonsa a shafin farko, cikin wando da taguwa, ba hula, yana dariya da kwalba a hannu. An ɗauke shi ne a bikin wani abokin aikinsa Kirista, mutumin Filato. Lemo ne a kwalbar, ni ma ina wurin. Amma jaridar ta ce mai jiran gado mashayi ne. Wanda bai iya karatu ba ya iya kallon hoto, haka ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta kai ga masu zaɓe.

Aka zaɓi ƙanensa.

Ranar da labari ya zo, na zuba wa maigidana tuwo ya tasa shi gaba har ya huce. Na ce, "Malam, ka je ka faɗa musu gaskiya mana. Ni zan rantse."

Ya ce, "Sun san gaskiya. Bakin mutane suke tsoro."

Da la'asar ƙanen ya zo, ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa. Daga ciki na ji yana cewa, "Yaya, wallahi babu hannuna. Ka ce in ajiye, in ajiye."

Maigidana ya jawo shi ciki, ya zaunar da shi kan tabarmarsa. Ya ce, "Ka ajiye wa wa? An raba sarauta da kotu, an raba ta da 'yan doka. Mutunci kaɗai ya rage mata. In muka yi rigima ni da kai, shi ma ya tafi." Sai ya juyo gare ni. "Ɗumamo tuwon nan, baƙonki bai ci komai ba." Suka ci a kwano ɗaya.

Bayan naɗi muka je gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa gaban yaron da ya taɓa goyo, ya ce, "Ranka ya daɗe." Sabon dagacin ya rufe fuska da gefen rawani.

Ba zan ce abin bai ci shi ba. Ya rame a damanar nan, ya rage hira. Abokin nan nasa na Filato ya daina zuwa don kunya, sai da maigidana ya hau babur ya je ya ɗauko shi da kansa. Maigidana ya ci gaba da aikinsa na malamin gona har ya yi ritaya. Duk rikicin fili da ya gagari ƙanen, sai ka ga ɗan aike a ƙofarmu, a ce sarki na gaishe da yayansa, yana kuma roƙon ya leƙo.