Talotalon Dajin da Hanan Ta Gani

Ina kwance rub da ciki a jejin bayan unguwar Taman Melati, kyamara a hannu, sauro na ta cizon ƙafata.

'Yata Hanan ce ta ce ta ga talotalon daji a nan, 'yan ajinsu suka kira ta maƙaryaciya. Na yi mata alkawarin hoto.

Can sai ga wani zakaran daji mai jan wuya. Na ɗauke shi hoto.

Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo.

"Abba, ba shi ba ne fa. Nawa ya fi girma."

"Kin tabbata?"

"Kai ma ba ka yarda da ni ba?"

Ranar Asabar zan koma, in sha Allahu. Iyaye, da ku ne, za ku haƙura?