Zuwa Magama Neman Amincewar Inna

Ƙarar allurai ce ta fara komai: ƙas, ƙas, suna mannewa a maganaɗisun kekena na ɗinki, 'yata Hafsat na wasa da shi. Ƙanena Sani ya zuba masa ido, ya ce, "Yaya, wannan ne aikina a Turai. Amma Inna ta ce ba zan koma ba sai ta ji daga bakina." Mahaifiyarmu na Maraɗi, fasfonsa kuwa yana wurin neman biza, ba ya iya ƙetarawa. Aka tsayar da haɗuwa a Magama, bakin iyaka.

Katsina zuwa Jibiya

Da sallame asuba muka shiga mota mu uku, ni da Sani da Hafsat, bakina da addu'ar tafiya. Shingen duba ababen hawa ba ya ƙarewa. Direba ya ce, "Hajiya, nan birki ya fi totur aiki." A Jibiya muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Sani bai ci abin kirki ba.

Magama

Muka tarar da Inna ƙarƙashin dalbejiya, kan tabarmar wata mai fura. Ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta juya wajen Sani.

"Mi kaka yi can da babu shi nan?"

"Inna, cibiyar ƙwayar zarra ta dalma ake harbawa, biyu su yi karo. Abin ya narke, zafinsa ya ninka na cikin rana. A nan maganaɗisu ke tashi, wanda ba a san mai ƙarfinsa ba. Sai dai kafin ƙiftawar ido ya ɓace."

"Abin da bai kai ƙiftawa ba zai ci maka shekaru?"

Sai ga tirela biyu sun gifta juna, iskarsu ta fizge mayafin Inna.

"Kamar haka," in ji Sani. "Maganaɗisun ya fi ƙarfi in gogar juna suka yi, ba gaba da gaba ba. Ba ma ganinsa, sai inda ya karkata abin da ya tarwatse."

Inna ta gyara mayafi, ta dubi titin. "Babanku ma bai daɗe a duniya ba," ta ce, "ga ku nan." Ta kama tafin hannunsa, ta yi addu'a, ta tofa. "Tahi. Allah shi yi albarka."

Ni ce na yi kukan, ba shi ba.

Gida

Mun iso kafin magariba lafiya, na gode wa Allah da Ya nuna mini wannan rana. Ina kwance kilishin da Inna ta ba mu, Hafsat ta ɗauko maganaɗisun da allura ɗaya, tana ja da shi baya har allurar ta daina motsi.

"Umma," ta ce, "in Kawu ya yi nisa haka, Inna za ta iya jawo shi?"