Munduwar Goggo Mai Fanka

A layinsu ba mai kiran ta da sunan yanka, Goggo Mai Fanka ake ce mata. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai aski, fankoki jere a kan katako, wasu ba fukafukai, wasu ba kai. Shekara talatin da ɗoriya tana naɗa waya a nan. Duk sanda dalma ta narke ƙaurinta ya tashi, sai ta tuna makarantar koyon sana'a.

Tana da shekara sha shida ta rubuta "lantarki" a takardar shiga. Magatakarda ya ɗago ya dube ta.

"'Yan mata, ɗakin ɗinki yana hagu."

"Ba ɗinki na zo koya ba, Malam."

Maza ashirin da uku ne a ajin, sai ita. Ranar farko malamin lantarki ya sa kowa ya miƙo hannu. Doka ce: ba zobe, ba agogo, ba wani ƙarfe a hannun mai taɓa waya. Ita kuwa akwai munduwar azurfa a wuyan hannunta, gadon kakarta, mahaifiyarta Inna ta saka mata tun tana 'yar shekara bakwai. Hannu ya girma, munduwa ta ƙi fita.

"Ko ki cire, ko ki koma hagu," in ji malamin. "Na ba ki zuwa Litinin."

Wani daga baya ya ce, "Amarya ta zo da kayan ado!" Aji ya fashe da dariya.

A gida ta gwada sabulu, ta gwada mai, har hannun ya kumbura. Inna na zaune a bakin ƙofa tana kallo, don tun farko ba ta son wannan karatu.

"Kin gani? Ko munduwar ta fi ki hankali. Wa zai auri mace mai hawa tsani?"

"Wanda ƙwan ɗakinsa ya mutu, Inna."

Inna ta yi tsaki, ta kau da kai kar a ga dariyarta. Asabar ta wuce. Lahadi da hantsi ta yafa mayafi.

"Taso, uwar taurin kai."

Wurin maƙeri suka je. Ya jujjuya munduwar, ya ce tsohon aiki ne, yanzu ba a yin irinsa, kuma in an yanke ba za ta koma yadda take ba.

"Na san ta tun ba a haife ka ba," in ji Inna. "Ta uwata ce. Yanke. Kar dai ka taɓa mini hannun, aiki zai yi."

Ta riƙe yatsun 'yarta gam, ta juya fuskarta bango har ƙarar zarto ta tsaya. Ta ƙulle guntaye biyun a gefen zani. Sai da suka kai ƙofar gida Inna ta share ido da bakin mayafi.

"In kin iya, ki fara da dutsen gugana. Wata uku ke nan ba ya zafi."